Waswasi da ciwon OCD: me ya sa yake kama mutum ta wajen abin da ya fi girmamawa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a tsanake.

Yau zan yi magana a kan wani ciwo da sunansa ya zama abin wasa a bakinmu. Budurwa ta jera takalmanta kala-kala, ta ɗauki hoto, ta rubuta "ina da OCD". Saurayi ya goge allon wayarsa sau biyu, abokai su ce OCD ɗinsa ya motsa. To, son tsafta da son tsari hali ne, kuma mai shi yana jin daɗinsa. Mai ciwon OCD na gaske ba ya jin daɗin komai a ciki. Shi ne wanda zai shiga banɗaki da buta tun kiran sallar farko, a tayar da salla, a sallame, yana nan yana sake wanke hannu. Ita ce mai jegon da ta daina taɓa wuƙa a kicin, saboda wani mummunan hoto da ke faɗo mata a rai game da jaririnta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ciwon yana da ƙafa biyu. Ta farko tunani ne mai kutse: wata magana, ko hoto, ko shakka, da ke faɗowa cikin zuciya ba da gayyata ba, ta yi ta naci, ta tayar da hankali. Ta biyu kuma aikin da mutum ke jin dole ya yi don hankalinsa ya kwanta: wanki, dubawa, maimaitawa, tambayar mutane, ko wani abu da yake yi a zuci wanda ba mai gani, kamar nanata wata kalma har sai ya ji ta "zauna daidai". Likitoci suna kiransa ciwo idan abin yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana jefa mutum cikin ƙunci, ko yana hana shi karatu da sana'a da zaman gida. Kusan mutum biyu cikin ɗari ne ke gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma galibi yana farawa tsakanin yarinta da farkon shekaru ashirin. Wato shekarun yawancin masu karanta wannan rubutun.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: mugun tunani ba na masu ciwon kaɗai ba ne. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Landan, Stanley Rachman da Padmal de Silva, suka tambayi mutane masu lafiya ko irin wannan tunani yana faɗo musu. Kusan takwas cikin goma suka ce e. Da aka nuna wa ƙwararru jerin tunane-tunanen, ba kullum suke iya bambance na mai lafiya da na majiyyaci ba. A 2014 Adam Radomsky na Kanada da abokan aikinsa suka faɗaɗa binciken zuwa ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Turkiyya da Iran da Saliyo nan Afirka ta Yamma. Kusan kashi 94 cikin ɗari suka ce irin wannan tunanin ya ziyarce su a watanni ukun da suka gabata. Kana tsaye a kan gada, zuciya ta ce "da zan faɗa fa?" Kana cikin salla, wata kalmar banza ta gifta. Yawancinmu mukan ce "a'uzubillahi, wane irin shirme ne wannan", mu wuce, mu manta kafin la'asar.

To ina bambancin yake? Yana wajen fassarar da mutum ya yi wa tunanin. Mai lafiya ya ɗauke shi hayaniyar ƙwaƙwalwa. Mai ciwon ya ɗauke shi shaida a kansa: "tunda na yi wannan tunanin, ashe haka nake." Daga nan abubuwa uku suke tasowa, waɗanda masana ke kira jiye-jiyen ɗabi'a, wato abubuwan da zuciya ke ji idan maganar daidai da kuskure ta taso. Su ne jin laifi, da ƙyanƙyami, da kunya.

Mu fara da jin laifi, don shi ne babba. A 1985 Paul Salkovskis a Ingila ya kawo bayanin da har yau ake aiki da shi, cewa mai OCD yana ɗaukar wa kansa alhakin da ya fi ƙarfinsa. Gobara ba ita ce ainihin abin da yake tsoro ba. Abin da ke hana shi barci shi ne a yi gobarar kuma ya zama shi ne sanadi, saboda bai duba gas da kyau ba. A 1995 Rachman da wata abokiyar aikinsa suka gwada wannan da masu yawan dube-dube: idan mai binciken ya ce "na ɗauke maka alhakin duk abin da ya faru", sai sha'awar dubawar ta ragu sosai, idan aka mayar musu da alhakin sai ta dawo. Kun ga dalilin da ya sa mai waswasi ke cewa "Umma, don Allah ke ki rufe ƙofar", ko ya yi ta bin malamai da tambaya ɗaya. Wanda zai sauke masa kayan yake nema.

Akwai kuma wata karkata ta tunani, wadda ni zan kira cakuɗa tunani da aiki. Iri biyu ce. Ta farko, mutum ya ji cewa tunanin abu yana jawo faruwarsa: na yi tunanin Baba ya yi hatsari, to in ya yi ni na ja masa. Ta biyu, ya ji cewa tunanin abu daidai yake da aikata shi a wajen zunubi. Wani likita a Italiya, Francesco Mancini, ya ƙara rarrabe jin laifin gida biyu. Akwai wanda kake ji don ka cutar da wani, akwai wanda kake ji don ka keta wata doka ko da ba wanda ya cutu. Bincikensu ya nuna masu OCD sun fi jin zafin na biyun, kuma shi ne wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙyanƙyami.

Ƙyanƙyami kuwa abin mamaki ne. Asalinsa kariya ce daga ruɓaɓɓen abinci da ƙazanta, amma ɗan Adam ya ɗauke shi ya kai fagen ɗabi'a. Ku duba Hausarmu ma: mukan ce "ƙazamin aiki", "dattin zuciya", "ya wanke kansa daga zargi". Rachman ya lura da majiyyata da ke jin datti alhali ba su taɓa komai ba, dattin a ciki yake. A wani gwaji na 2005 a Kanada, an sa ɗalibai mata su saurari labari suna ƙaddara cewa wani ya sumbace su da ƙarfin tsiya. Ba wanda ya taɓa su, a kujera suke zaune, amma da yawa suka ce sun ji ƙazanta, wasu har suka je suka kurkure baki. Irin wannan dattin sabulu ba ya fitar da shi, shi ya sa mutum zai yi wanka sau biyar ya fito yana jin yadda ya shiga.

Yanzu ga inda al'ada ke shigowa, kuma nan ne nake so mu ɗan zauna.

Yawan masu ciwon bai cika bambanta sosai tsakanin ƙasashe ba. Abin da ke bambanta shi ne rigar da yake sawa. A Alƙahira, Farfesa Ahmed Okasha ya duba majiyyata 90 a 1994, ya samu kashi 60 cikin ɗari waswasinsu ya shafi addini da tsarki. A gabashin Saudiyya, wani bincike na 1991 ya samu salla da alwala a sahun gaba. A birnin Ƙudus, likitoci biyu, David Greenberg da Eliezer Witztum, sun daɗe suna kula da Yahudawa masu tsananin riƙon addini, kuma nasu waswasin yana kan tsarki kafin addu'a, da furta kalmomin addu'a daidai, da tsoron kada nama ya haɗu da madara, domin dokar abincinsu ta hana haɗa su. A yankin Bengal na Indiya akwai tsohon suna, suci-bai, na matan da tsoron ƙazanta ya mamaye rayuwarsu. A tsibirin Bali na Indonesiya, inda sanin mutane da matsayinsu babban abu ne, Robert Lemelson ya ba da rahoto a 2003 cewa waswasin da ya fi yawa a majiyyatansa shi ne dole sai sun san wane ne wannan da ya wuce ta ƙofar gida, ɗan wa ne, daga ina yake. Wasunsu kuma tsoron mayu da iskoki ne. A Amurka da Turai, a shekarun 1980 masu tsoron ƙazanta da yawa sun koma kan cutar ƙanjamau, a 2020 kuma korona ta karɓi wurin.

Injin ɗaya ne a ko'ina. Ciwon yana leƙa zuciyarka ne ya ga abin da ka fi tsoron ɓatawa, sai ya kafa rumfarsa a nan. Wanda ba ruwansa da salla ba zai taɓa yin waswasin kabbarar harama ba. Uwar da hoton cutar da ɗanta ke razanarwa, razanar tata ita ce alamar inda zuciyarta take. A wani bincike na 2008 a Kanada kan sabbin iyaye mata 100, dukkansu sun ce tunanin wani hatsari ya sami jaririn yana faɗo musu, kuma kusan rabinsu sun ce har tunanin su da kansu su cutar da shi ya taɓa gifta musu ba da son ransu ba. A gidan suna ba za ka taɓa jin wannan hirar ba.

Wani zai ce, to ashe addini ne ke kawo ciwon? Hujja ba ta nuna haka ba. A Ankara, wani bincike na 2001 ya samu waswasin addini a kashi 42 cikin ɗari na majiyyata, amma bai samu cewa wanda ya fi riƙo da addini ya fi tsananin ciwo ba. Ciwon yana da tushe a gado, yana bin dangi, kuma hotunan ƙwaƙwalwa suna nuna wata da'ira tsakanin gaban ƙwaƙwalwa da can cikinta tana aiki fiye da kima, kamar ƙararrawar motar da ke kuka ko akuya ce ta goge ta. Addini da al'ada suna ba shi kalmomi ne da hotuna.

Amma akwai wani wuri mai laushi da al'ada ke taɓawa kai tsaye, wato yadda kowace al'umma ke auna tunanin zuci. Shin abin da ya gifta a ranka ana rubuta maka shi? Jedidiah Siev da Adam Cohen a Amurka sun kwatanta Kiristoci da Yahudawa a 2007, suka samu Kiristoci sun fi ɗaukar mugun tunani a matsayin abu mai nauyin zunubi, abin da ya dace da koyarwar da ke ba wa halin zuciya muhimmanci ƙwarai, yayin da koyarwar Yahudawa ta fi auna aiki. Da aka bi sawun abin daga baya, sai aka ga a wajen Kiristocin wannan fahimtar tana tafiya ne da ƙarfin imaninsu, ba ta nuna ciwo. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, ba a auna mutum da ma'aunin wata al'umma. Sai ka san abin da mutanensa suka ɗauka daidai kafin ka ce ya wuce gona da iri.

Kuma malaman addinai sun riga likitoci ganin wannan ciwon da ɗaruruwan shekaru. Martin Luther, lokacin yana zaman ibada a Jamus, yakan shafe awanni yana ikirarin zunubansa a gaban malaminsa Johann von Staupitz, ya fita, ya tuna wani ƙaramin abu, ya dawo, har malamin ya gaji. Ignatius na Loyola ya sha irin wannan azabar a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522. Kalmar da Turawa ke kiran wannan hali da ita ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ɗan tsakuwa mai kaifi, irin wanda ke shiga takalmi. A ɓangaren Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware babi guda kan waswasi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya bayyana shi a matsayin rashin lafiya mai magani, ya ba da shawarar a guji kaɗaici da zaman banza. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya rubuta ɗan littafi sukutum kan masu waswasi a tsarki da salla.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku ɗauko Ahalari, littafin nan na malamin Aljeriya na ƙarni na 16 da ake fara karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi shakka ko alwalarsa ta karye, sai ya sake ta. Kowa ya haddace wannan. Amma a wuri guda littafin ya cire mai waswasi daga hukuncin, ya ce shi babu komai a kansa. A babin rafkanuwa ma haka: mai waswasi ba ya kawo abin da ya yi shakka a kai, watsar da shakkar zai yi, ya yi sujada bayan sallama. Risala ta Ibn Abi Zaid ita ma ta zo da wannan. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan mutum mustankahi, kuma masu sharhi sun ce shi ne wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a rana. Ni a ganina babbar asarar da muke yi ita ce mun riƙe rabin farko na hukuncin, mun bar rabi na biyu a cikin littafi. Yaro mai waswasi ya ji "in ka yi shakka ka sake", sai ya yi ta sakewa har fatar hannunsa ta tsage, alhali sassaucin da aka tanada dominsa yana layi na gaba.

Game da tunanin zuci kuwa, hadisai biyu sun shahara. A ɗaya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an bayyana cewa Allah Ya yafe wa al'umma abin da zukatansu ke saƙawa muddin ba su aikata ko furta ba. A ɗayan, a Sahihu Muslim, wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna musu cewa wannan ƙin da suke ji shi ne tsantsar imani. Ku lura, amsar ba ta tsaya kan abin da tunanin ya ƙunsa ba, ta tafi ne kan yadda mai shi ya ƙi shi. Kusan abin da likitan zamani zai gaya maka kenan.

To ta yaya za a bambance tsoron Allah da ciwo? Greenberg ya ba da alamomi da na ga sun dace da mu sosai. Mai waswasi yana wuce abin da addinin kansa ya nema. An ruwaito cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita guda ba, kuma wanke gaɓa ba ya wuce sau uku, shi kuwa bokiti ba ya isarsa. Sannan hankalinsa yana tattaruwa a ɗan lungu ɗaya, galibi tsarki ko niyya ko furuci, ba ka ganin irin wannan zafin a wajen sadaka ko zumunci. Na uku, ƙaramin abu yana cinye babba: garin gyara alwala jam'i ya wuce, garin gyara niyya lokaci ya fita. Kuma ibadar ba ta barin natsuwa a bayanta. Wasu ma daga ƙarshe barin sallar suke yi gaba ɗaya don ta zame musu azaba, sai wani sabon jin laifin ya hau kan na farko.

Sai kunya, wadda a wajenmu ita ce ke rufe ƙofa. Jin laifi yana cewa "na yi abu mara kyau", kunya kuwa cewa take "ni ne mara kyau, kada a gan ni". Mu kuma mutane ne da aka rena da kunya a matsayin ado, kuma tana da kyawunta. Amma ku yi tunanin matashin da kalmomin saɓo ke faɗo masa a sujada, yana sake kalmar shahada sau ɗari a rana don yana ganin ya yi ridda. Wa zai gaya wa? Ko magidancin da ke zargin kansa ko ya saki matarsa a zuci, yana kwana yana bitar kowace kalma da ya furta. Ko yarinyar da hotunan batsa game da muharramanta ke kutso mata, ta daina zama a tsakar gida. A garin da magana ɗaya za ta iya hana ka aure, ko ta sa a yi maka kallon wanda ya bar addini, shiru ya fi sauƙi. Ko a ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwa suke da yawa, mutane kan shafe shekaru, sau da yawa fiye da goma, kafin su sami maganin da ya dace. Kuma su kansu ma'aikatan lafiya suna kuskure: a wani bincike na 2013 a Amurka, kusan kashi 39 cikin ɗari na ƙwararrun da aka ba su labarin mai OCD ba su gane ciwon ba, kuma kuskuren ya fi yawa a labaran da suka shafi jima'i da tashin hankali da addini fiye da na wanke hannu.

A gidajenmu fassarar farko takan zama aljanu, ko sammu, ko raunin imani. Ba na hana kowa addu'a, kuma ba ni da hurumin haka. Abin da nake so a lura da shi kawai, ciwon nan yana iya mayar da komai abincinsa. Idan duk sanda tunanin ya zo sai ka karanta wani abu sau bakwai, in ka yi kuskure ka koma farko, to karatun ya shiga cikin da'irar. Cewa da mai waswasi "imaninka ne ya yi rauni" kuwa, tabbatar masa da abin da ciwon ke raɗa masa ne dare da rana.

Me ya sa maimaitawa ba ta kawo tabbaci? Saboda sauƙin da take bayarwa na ɗan lokaci ne, kamar sosa ƙaiƙayi, kuma ƙwaƙwalwa tana koyon cewa "da ban yi ba da an shiga uku". Akwai ma wani abu da ya fi haka. A 2003 masu bincike a ƙasar Holan, Marcel van den Hout da Merel Kindt, sun sa mutane masu lafiya su yi ta kashe murhun gas na kwamfuta suna dubawa sau da yawa. Ƙwaƙwalwarsu ba ta daina riƙe gaskiyar abin da suka yi ba, amma yardarsu da abin da suka tuna ta ragu, hoton ya dushe. Wato yawan dubawar ne ke haifar da shakkar. Wanda ya yi kabbara sau goma ya fi wanda ya yi sau ɗaya rashin tabbas. Danne tunani ma haka yake. Daniel Wegner ya nuna a 1987 cewa idan ka ce wa mutane kada su yi tunanin wata farar dabba, sai ta yi ta dawo musu. Gwada yanzu: kada ka yi tunanin jan raƙumi.

Maganin da ya fi ƙarfin hujja ana kiransa ERP a taƙaice, kuma Victor Meyer ne ya fara gwada shi a Landan a 1966. Ma'anarsa fuskantar abin da ke tayar da shakkar, sannu a hankali, tare da ƙin yin aikin tilas ɗin. Ka yi alwala sau ɗaya, shakka ta zo, ka tafi sallarka da ita. Ka rufe kwaɗo, ka juya, ba ka dawo ba. Fargabar za ta hau, wallahi za ta hau, amma idan ba a ciyar da ita ba takan sauka da kanta, kuma ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ana iya rayuwa ba tare da cikakken tabbaci ba. Wasu suna tsoron za a sa su saɓa wa addini. Ƙwararren da ya san aikinsa ba ya sa ka yin haram, ma'auninsa shi ne abin da sauran masu ibada irinka suke yi, kuma a wurare da yawa akan haɗa kai da malamin da majiyyacin ya yarda da shi, a yi tambaya sau ɗaya, a rufe babin. In kun duba, abin da Ahalari ya ce wa mai waswasi ya yi bai yi nisa da wannan ba.

Akwai kuma magunguna, irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine. A wannan ciwon sukan buƙaci awo mai ɗan yawa da haƙurin mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukuncin ko sun yi aiki, don haka aikin likita ne, ba na kemis ɗin bakin layi ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In ka je, ba dole ka fara da zayyana abin da tunanin ya ƙunsa ba. Kana iya cewa: "Likita, wasu tunane-tunane da ba na so suna yi mini naci, kuma ina maimaita abubuwa don su tafi." Wannan ya isa a buɗe magana.

Abu biyu ba sa jira. Idan ƙuncin ya kai mutum yana tunanin raba kansa da duniya, domin ciwon damuwa yakan biyo OCD, a kai shi asibiti a ranar. Haka mai jegon da ta rikice, ba ta barci, tana jin muryoyi, ko ta gaskata cewa jaririn wani abu ne daban, wannan wani ciwo ne na gaggawa, ba irin wanda muke magana a kai ba. Mai OCD tana tsoron tunaninta ne, tana gudunsa.

Ku kuma 'yan gida, akwai aikinku. Idan ƙaninka ya tambaye ka "Yaya, ka ga na wanke ƙafar hagu?" sau ɗaya, sau biyu, sau ashirin, amsa masa kullum tausayi ne da ke ƙara wa ciwon ƙarfi, tsawa da gori kuma suna ƙara masa kunya ya koma ɓoyewa. Abin da masu ba da magani ke koya wa iyalai shi ne a zauna lokacin da hankali ke kwance a yi yarjejeniya: "In ka tambaye ni, zan ce maka wannan tambayar waswasi ce, mun yi alkawari ba zan amsa ba, amma ina nan tare da kai." Sai ka zauna kusa da shi ɗin da gaske, minti goma, minti ashirin, har abin ya lafa. A rage amsoshin a hankali, kada a yanke su rana ɗaya, kuma in da hali a yi hakan da shawarar likitan da ke duba shi.

Nan za mu dakata a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.